Adabin Baka na Mutanen Filifin da Matan da Suka Riƙe Shi

    

Yau tafiya za mu yi mai nisa, amma ba sai kin ɗauko mayafi ba, ba kuma sai kin nemi izinin fita ba. Ki ci gaba da tsintar shinkafarki ko ɗinkin hularki, kunne kawai nake so ki ba ni. Za mu je wata ƙasa da ake kira Filifin, mu ji irin kacici-kacicinsu da karin maganarsu da tatsuniyoyinsu da waƙoƙinsu na tun kaka da kakanni. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da tatsuniyar mutanen da ko a mafarki ba mu taɓa ganinsu ba? Ki yi haƙuri ki bi ni zuwa ƙarshe. Abin da ya sa na zaɓo wannan ƙasa shi ne, lokacin da masana suka tashi neman tsohon adabinta, wasu daga cikin waƙoƙin da suka fi tsawo da daraja a bakin mata suka same su, har da matan da ko ƙofar gida ba sa leƙawa.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Filifin tana can gabas mai nisa, a kudu maso gabashin nahiyar Asiya, arewa da Indunusiya. Tsibirai ne fiye da 7,000 a warwatse cikin teku, mutanenta sun haura miliyan 100, harsunan da suke magana da su kuma sun wuce 150. An kasa ta manyan sassa uku: Luzon a arewa, inda babban birnin ƙasar, Manila, yake, Bisaya a tsakiya, sai Mindanao a kudu. Mafi yawan mutanen Kirista ne, amma akwai Musulmi da dama a kudu, don Musulunci ya isa can tun ƙarni na 14. Wadda ta taɓa zuwa Hajji ko Umra, wataƙila ta ga 'yan ƙasar a asibitocin Saudiyya, domin da yawa daga cikin matansu aikin jinya suke yi a can. Turawan Sifaniya sun fara sauka a ƙasar a 1521, suka kafa mulki daga 1565 har zuwa 1898, daga sunan sarkinsu Filib ma aka samo sunan ƙasar. Bayan su Amurka ta karɓa, sai a 1946 ƙasar ta sami 'yancin kai. To mu abin da muke nema yau shi ne abin da mutanen suke da shi a bakinsu tun kafin duk wannan.

Kafin mu shiga, ya kamata mu san ma'anar adabi, don kada kalmar ta ba wata tsoro ta ce wannan karatun 'yan jami'a ne. Adabi dai shi ne maganar da aka tsara ta da hikima, don ta faranta rai, ta koyar, ta kuma zauna a zuciya. Iri biyu ne. Akwai adabin baka, wanda ake faɗa a ji a haddace, ya bi daga baki zuwa baki. Akwai rubutaccen adabi, wanda ke cikin littafi. Malamai kan kasa shi gida uku. Na farko zube, wato magana a shimfiɗe kamar yadda ake ba da labari. Tatsuniya da almara da tarihihi duk a nan suke. Na biyu waƙa, wadda ake auna ta da kari, tana da ɗango da baiti da amsa-amo. Na uku wasan kwaikwayo, inda ake aikata labarin a gaban jama'a. Sai kuma gajerun maganganun azanci irin su karin magana da kacici-kacici da habaici. Kin ga ke nan, ke da kike rarrashin jariri da waƙa, ki yi wa yara tatsuniya da dare, ki jefa wa abokiyar zama karin magana idan ta taɓo ki, ai kin daɗe da zama ma'abociyar adabi, sunan ne kawai ba a gaya miki ba.

Mutanen Filifin sun san rubutu tun kafin zuwan Turawa. A 1989 an tsinci wani ɗan farantin jan ƙarfe a lardin Laguna, kusa da Manila, mai ɗauke da rubutu na shekarar 900 Miladiyya, wanda ke shaida cewa an yafe wa wani mutum da zuriyarsa bashi. Lokacin da Sifaniyawa suka zo kuma, sun tarar da 'yan ƙabilar Tagalog, mutanen yankin Manila, suna da nasu haruffa guda 17 da ake kira baybayin. Wani limamin coci mai suna Pedro Chirino, a littafinsa na 1604, ya yi mamakin yadda karatu da rubutu suka yaɗu a cikinsu, musamman ma a wajen mata. Sai dai a jikin gora da ganye suke rubutun da tsinin wuƙa, ƙasar kuwa ga ruwan sama ga laima, gora ba ta daɗewa sai ta ruɓe. Kuma wasiƙu da gajerun baitoci suka fi rubutawa. Tarihinsu da labarin kakanninsu, shi wannan marubuci ya ce a cikin waƙoƙi suke adana su, suna haddace su tun suna yara, suna rera su a cikin jirgin ruwa, da wurin biki, da wurin makoki. Wato dai kai shi ne akwatin ajiyarsu, baki kuma mabuɗinsa.

To mu fara da ƙananan abubuwa. Kacici-kacici, su Tagalog bugtong suke ce masa. Galibi ɗango biyu ne masu amsa-amo, kuma a da har a zaman makoki sukan yi shi da dare don kada barci ya kwashe masu zaman. Bari in ba ki ma'anar guda biyu ki gwada. Sama a bisa, sama a ƙasa, ruwa a tsakiya. Mene ne? Kwakwa ce, irin babbar nan mai ruwa a ciki, wadda ta cika ƙasarsu. Ga wani: baƙaƙen duwatsu biyu, amma suna kaiwa nesa. Wannan kam na san wata ta canka, idanu ne. Wadda ta kasa sai ta ba ni gari. Abin lura shi ne, kowace al'umma da abin da ke gabanta take ƙulla kacici-kacicinta, kuma amfaninsa ɗaya ne ko'ina: yana koya wa yaro ya dubi abin da ya saba gani kullum da sabon ido.

Karin magana kuma salawikain suke kiran sa, a nan ne za ki yi mamaki. Suna cewa tsintsiya tana da ƙarfi ne saboda a ɗaure take. Mu ma ai mun ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Suna cewa ciwon ɗan ƙaramin yatsa duk jiki ke jin sa. Mu kuma muka ce abin da ya taɓa hanci, ido kan yi ruwa. Suna cewa mai juriya shi ke cin dafaffen nama. Mu muka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Akwai wani da nake so ƙwarai, wanda ya dace da wannan zamani na tsadar kayan masarufi: idan bargo ya yi gajarta, sai ka koyi takurewa. Akwai kuma wanda kusan kowane ɗan ƙasar ya sani, cewa wanda bai waiwayi inda ya fito ba, ba zai isa inda za shi ba. Ki riƙe mini wannan na ƙarshe, za mu dawo kansa.

Suna da gajerun waƙoƙi ma. Akwai tanaga, baiti ɗaya mai ɗango huɗu, kowane ɗango gaɓa bakwai, a dunƙule hikima a ciki kamar yadda ake dunƙule daddawa. Da yawa daga tsofaffin tanaga da kacici-kacici sun tsira ne saboda wasu limaman coci biyu, Noceda da Sanlucar, sun zuba su a matsayin misalai cikin ƙamus ɗin harshen Tagalog da aka buga a 1754. Akwai kuma ambahan, ta mutanen Mangyan da ke duwatsun tsibirin Mindoro. Ita ma gaɓa bakwai ce a kowane ɗango, kuma har yanzu akwai masu zana ta a jikin gora da tsohon rubutunsu. Amfaninta shi ne faɗin abin da ke da nauyi a baki. Saurayi zai nemi budurwa da ita, uwa ta yi wa ɗa nasiha da ita, baƙo ya nuna yana jin yunwa ba tare da ya roƙa ba, sai ya kawo zancen tsuntsu ko itace, mai hankali ya gane. Ke da kika san kunya da kara, kin san darajar irin wannan magana a lulluɓe.

Waƙoƙin yau da kullum kuwa, kowane aiki da tasa. Oyayi ita ce waƙar reno, uwa tana lilo da jariri tana rera masa, wani lokaci ma damuwarta take amayarwa a ciki. Soliranin waƙar masu tuƙa kwale-kwale ce, don hannuwa su tafi daidai. Akwai ta daka shinkafa, akwai ta biki. Mutanen Iloko na arewacin Luzon suna da dung-aw, waƙar kukan mamaci, inda ake tsayawa kusa da gawa ana ambaton halinsa da wahalar da ya sha a duniya.

Mu juya ga zube. Suna da labaran asali, na yadda suka ɗauka duniya ta faro kafin addinan littafi su iso musu, kamar labarin da ke cewa namiji da mace na farko daga cikin gora suka fito, aka kira shi Malakas, wato mai ƙarfi, ita kuma Maganda, wato kyakkyawa. Suna da alamat, labarin da ke bayyana dalilin da ya sa wani abu ya zama yadda yake. Bari in ba ki guda ɗaya, don ya shafe mu mu iyaye.

Wai an yi wata mata da 'yarta tilo mai suna Pina. Uwar ta shagwaɓa ta, ba ta taɓuka komai a gida, kuma duk abin da aka aike ta ta ɗauko, kafin ta duba sai ta ce ba ta gani ba. Ran nan uwar ta kwanta ciwo, ta ce wa Pina ta dama mata kunun shinkafa. Pina ta shiga madafa ta fito ta ce ba ta ga ludayi ba. Uwa ga zafin ciwo ga takaici, sai ta ce, kai, da ma ki yi idanu dubu ko kya riƙa ganin abu! Shiru, shiru, ba a sake jin motsin yarinya ba. Uwa ta warke ta nemi 'yarta sama da ƙasa, babu ita babu labarinta. Bayan 'yan kwanaki sai ga wani baƙon tsiro a bayan ɗaki, ya yi ɗa mai kamar kan mutum, jikinsa duk idanu. Nan uwa ta tuna abin da bakinta ya furta. Wannan, in ji su, shi ne asalin abarba, wadda suke kira pinya. Tatsuniya ce, amma kin ji ta da kaifi biyu: tana jan kunnen yarinya marar lura, tana kuma jan kunnen uwa mai saurin baki. Bakin uwa ba abin wasa ba ne, 'yar'uwa, ko a Filifin. Wani abin sha'awa, abarba ba 'yar ƙasar ba ce, daga Kudancin Amurka Sifaniyawa suka kawo ta. Ke nan labarin bai kai sauran tsufa ba, kuma wannan ya nuna mana adabin baka abu ne mai rai, yana karɓar baƙo ya yi masa sutura irin ta gida.

Suna da tatsuniyar dabbobi ma. Wadda ta fi shahara ita ce ta biri da kunkuru. Sun tsinci itacen ayaba ruwa ya kawo, suka raba biyu. Biri ya yi wuf ya ɗauki sama mai ganye, ya bar wa kunkuru gindi mai saiwa. Na biri ya bushe, na kunkuru ya yi 'ya'ya. Da yake kunkuru ba ya iya hawa, biri ya ce bari ya tsinko masa, ya hau ya cinye tas. Kunkuru ya jera ƙaya a gindin itacen, biri ya sauko ya sha suka. Da ya kama kunkuru ya ce ya zaɓa, a daka shi a turmi ko a jefa shi ruwa, sai kunkuru ya fashe da kuka yana roƙo a daka shi, shi dai kada a kai shi ruwa. Biri ya wurga shi kogi, kunkuru ya ɗago kai yana dariya. Gwarzon ƙasar, José Rizal, ya buga wannan tatsuniya da Turanci a 1889, ya kuma yi mata zane da hannunsa. A kudu, wajen Musulmin ƙasar, mai wayon tatsuniya Pilandok ne, wata 'yar dabba mai kama da gada, shi ne kamar Gizonsu. Akwai kuma Juan Tamad, sarkin ragwaye, wanda ya kwanta a gindin gwaiba ya buɗe baki yana jiran ta faɗo.

To yanzu mun zo kan manyan, wato dogayen waƙoƙin jarumta. Waɗannan labarai ne da ake rerawa, ba a gama ɗaya a dare guda, kuma a cikinsu al'umma take zuba tarihinta da dokokinta da yadda ake aure da yadda ake sulhu. Guda uku zan kawo miki.

Ta farko sunanta Hudhud. Kada sunan ya sa ki tuna alhudahuda, ba su da dangantaka. Ta mutanen Ifugao ce, mazauna duwatsun arewacin Luzon, waɗanda suka sassaƙa gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala a jikin tsaunuka. Waƙoƙi ne fiye da 200, kowace da sassa 40, kuma idan za a rera ɗaya cikakkiya sai a kwashe kwanaki. Wa ke rera ta? Mata. Dattijuwa ce ke ja, sauran mata suna amshi, a lokacin shuka, da lokacin girbi suna sunkuye suna yankan shinkafa da hannu, da kuma zaman makoki. Jarumin da ya fi suna a ciki shi ne Aliguyon. Ya tashi ya tafi yaƙar Pumbakhayon saboda tsohuwar gaba ta iyayensu. Wannan ya jefa mashi, wancan ya cafe ya mayar, haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ba wanda ya kayar da wani. Daga ƙarshe kowa ya ga girman ɗan'uwansa, suka ajiye makami, Aliguyon ya auri Bugan 'yar'uwar abokin gabarsa, shi kuma Pumbakhayon ya auri 'yar'uwar Aliguyon. Kin ji yaƙin da mata suka rera: an gwada ƙarfi, ba a kashe kowa a cikin jaruman biyu ba, an ƙare da ɗaurin aure. A 2001 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Hudhud cikin jerin farko na abubuwan gadon baka mafiya daraja a duniya.

Ta biyu ita ce Darangen, ta mutanen Maranao da ke zagaye da tafkin Lanao a Mindanao. Su Musulmi ne, amma waƙar ta girmi zuwan Musulunci wajensu. Kashi 17 ce, ɗango 72,000, ana rera sassanta a bukukuwan aure dare bayan dare, maza da mata gwanaye. Babban jaruminta Bantugan ne, wanda ɗan'uwansa sarki ya yi masa hassada saboda farin jininsa, ya hana kowa yi masa magana, har ya bar gari, daga baya sarkin ya yi nadama. Abin da zai ba ki sha'awa shi ne, da Musulunci ya kawo musu haruffan Larabci, sai suka rubuta harshensu da su, suna kiran rubutun kirim, daidai da yadda muke da ajami. Da shi gidaje suka rubuta sassan Darangen suka adana, ana gadon su, har Jami'ar Mindanao da ke birnin Marawi ta tattara ta buga. Ita ma UNESCO ta karrama ta a 2005.

Ta uku ita ce wadda na fi so ki saurara da kyau. A tsakiyar tsibirin Panay, cikin yankin Bisaya, akwai mutanen dutse da ke da wata tsohuwar al'ada. Gida mai hali yakan zaɓi ɗiya ɗaya tun tana ƙarama ƙwarai, a killace ta a ɗaki. Ana kiran ta binukot, wato lulluɓaɓɓiya. Ba ta zuwa gona, rana ba ta dukan ta, baƙon namiji ba ya ganin ta, idan tafiya ta kama a cikin lilon zane ake ɗaukar ta don kada ƙafarta ta taɓa ƙasa. Sadakinta kuma ya fi na kowa. Kada mu haɗa wannan da zaman da muke yi a gidajen aurenmu, don su tun kafin aure suke yi, kuma don martabar gida da tsadar sadaki ne. To amma me take yi a ɗakin duk tsawon shekarun nan? Tana koyon ɗinkin ado, tana koyon rawar gargajiya, sannan tsofaffin gidan suna zama da ita suna ɗura mata dogayen waƙoƙin kakanni, waɗanda suke kira sugidanon. Sauran yara suna gona, ita tana hadda. Da haka ta zama ita ce taskar garin.

A cikin waɗannan waƙoƙi na Panay akwai Hinilawod, mai ɗango wajen 28,000. Akwai labarin Labaw Donggon a ciki, jarumin da ya auri mata biyu, bai ko huta ba ya hango matar wani ya ce sai ita. Ya shekara bakwai yana faɗa da mijinta, aka kayar da shi aka kulle a turken aladu, sai 'ya'yan da matansa biyu suka haifa masa ne suka haɗa kai suka je suka fito da shi. Na ji wata tana dariya. To, ba ni na faɗa ba, mutanen Panay ne. Wani masani ɗan ƙasar, Landa Jocano, shi ya hau duwatsun da na'urar ɗaukar magana. A 1957 ya sami wata mata mai suna Hugan-an, ya yi ta lallashi har ta yarda, suka kwashe mako uku yana ɗauka, abin da ta rera daga kanta ya kai awa 30. Awa 30, 'yar'uwa, ba takarda a hannu! Bayan shi wata masaniya, Alicia Magos, ta yi shekaru tana aiki da masu rera sugidanon. Babban wanda ta yi aiki da shi, Federico Caballero, gwamnatin ƙasar ta ba shi lambar girma a 2000, ya rasu a 2024. Shi kuwa a ina ya koya? A wajen mahaifiyarsa, tana rera musu suna yara tana lilo da su har barci ya ɗauke su, da kuma wata tsohuwar kakarsu. Namiji ya karɓi lambar, amma daga bakin mata abin ya fito.

Sai dai kada in ɓoye miki, duk waɗannan waƙoƙi sun shiga haɗari. Al'adar binukot ta kusa ƙarewa, 'yan mata sun tafi makaranta, wannan kuwa alheri ne, don yarinyar da aka hana ta karatu da sanin duniya an tauye ta. Amma da al'adar ta tafi, sai aka rasa mai zaman hadda. Hudhud ma haka: waƙar girbin hannu ce, da hanyar girbi ta canja, matasa suka tafi birni, sai masu ja suka rage 'yan tsofaffi. Abin da ya taimaka shi ne mutane sun farga da wuri. Aka riƙa kai tsofaffin gwanaye suna koya wa yara 'yan makaranta a Ifugao, aka ɗauki muryoyi, aka buga littattafai. Wata malama, Damiana Eugenio, wadda ta rasu a 2014, ta ƙarar da rayuwarta tana tattara tatsuniyoyi da karin magana da kacici-kacici da waƙoƙin ƙasar, ta fitar da su a manyan littattafai takwas, har ana kiran ta uwar adabin gargajiyar Filifin.

Yanzu mu waiwayo gida, kamar yadda karin maganarsu ya ce. Yaushe rabonki da jin waƙar niƙa? Tun da injin niƙa ya shigo unguwa ta yi shiru. Waƙar daɓe fa? Siminti ya binne ta. Yaushe rabon da a ce "ga ta nan, ga ta nanku" a tsakar gidanki, yara su amsa "ta zo mu ji ta"? Yau da an yi sallar isha'i kowa ya kama waya ko ya zauna gaban talabijin, kaka tana gefe ita kaɗai da abin da ke cikin kanta. Ba ina cewa a koma dutsen niƙa ba, Allah ya hutar da mu. Abin da nake cewa shi ne, aikin ya tafi, amma bai kamata hikimar da ke tare da shi ta bi shi ba.

Kuma wannan aiki ne da ba ya bukatar ki taka ko zaure. Na farko, ki ware dare ɗaya a mako, a kashe kallo, ki tara yaran gidan, naki da na abokiyar zamanki, ki yi musu tatsuniya ɗaya da kacici-kacici biyu ko uku. Na biyu, idan akwai tsohuwa a gidan, uwar miji ce ko kaka ko gwaggo, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta waƙoƙin da suka yi a zamaninsu, na reno da na daka da na gaɗa da na kai amarya. Za ki ga yadda fuskarta za ta washe, kuma ko zaman da ke tsakaninku sai ya ƙara daɗi. Na uku, wayar nan da ke hannunki tana ɗaukar murya. Abin da ya sa masani ya hau dutse da kaya niƙi-niƙi a 1957, ke yau yana cikin tafin hannunki. Ki nemi izininta ki ɗauka. Na huɗu, ki sami littafi na musamman ki rubuta, da boko ko da ajami, duk wanda kika iya. Idan ba ki iya ba, ki sa 'yarki 'yar makaranta ta rubuta, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan: ta gyara rubutunta, ta kuma haddace. Ki sa sunan wadda ta faɗa da garinsu da shekarar da aka rubuta.

Kada ki raina abin da kike da shi, ki ce ai tatsuniya ce kawai, ai waƙar mata ce kawai. Matan Ifugao da ke sunkuye a gonar shinkafa ba su san wata rana duniya za ta zo ta saurare su ba. Sun dai karɓa daga iyayensu, sun miƙa wa 'ya'yansu. Mu ma abin da ake nema a wajenmu ke nan.

A nan za mu dakata a yau. Aikin gida da na ba ku shi ne, kowace ta nemo karin magana uku da ta ji a bakin mahaifiyarta ko kakarta, waɗanda ba ta cika jin su a bakin 'yan yanzu ba, ta koya wa yaranta kafin mu sake haɗuwa. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda ke raye ya ƙara musu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ƙurunƙus. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.